Wuya inci 17 da rabi: yadda aka gano numfashina na ɗaukewa cikin barci

Hawan jini ne ya kai ni gaban likitan zuciya. Na daɗe ina shan magani. An fara da ƙwaya iri ɗaya, aka ƙara ta biyu, har aka kai iri uku, amma duk sanda aka ɗaura mini abin awo a dantse sai a ga 150 bisa 95, wani lokaci ma fiye. Na rage gishiri, an rage magi a miya, ba abin da ya sauya. Likitan ya gama duba takarduna, ya ɗago ya dubi wuyana da cikina, sai ya ce, "Alhaji, kana minshari?"

Maiɗakina ce ta amsa, don tare muka je. Ta ce minsharin ta riga ta saba da shi, abin da ke tayar mata da hankali shi ne shirun da ke biyo baya. Ina cikin minshari sai in yi tsit, ƙirji na ɗagawa amma ba numfashi, har ta fara salati, sannan in yi wani gurnani in fizgo iska da ƙarfi, in juya in ci gaba. Ni ban ma san ana yi ba. Abin da na sani shi ne ina yawan tashi fitsari cikin dare, ina farkawa da ciwon kai da busasshen baki, kuma ba na iya zama wuri ɗaya ban yi gyangyaɗi ba. A shagona na Kantin Kwari, da zarar ciniki ya lafa bayan Azahar sai kai ya fara rangaji. Huɗubar Juma'a da ƙyar nake jin ƙarshenta. Goro da shayi ne ke riƙe ni. Wata rana ina tuƙi a hanyar Zariya, ƙarar taya da ta sauka daga kwalta ce ta farkar da ni.

A dangi kowa da tasa fassarar. Gwaggona ta ce dannau ne, a dage da addu'a, ita kuwa addu'a ban taɓa barinta ba. Wani abokina ya ce beli ne, in nemi wanzami, alhali an cire mini shi tun ina jariri. Mafi yawa ba su ma ɗauki abin ciwo ba. A wurinmu in aka ga magidanci mai teɓa yana sharara minshari, cewa ake yi hutu ya samu, barci ya yi daɗi.

Likitan ya sa aka auna nauyina da tsayina: kilo 97, santimita 172. Ma'aunin BMI, wanda ke gwada nauyin mutum da tsayinsa, ya ba da kusan 33, ga shi Hukumar Lafiya ta Duniya daga 30 take lissafa mutum a mai ƙiba. Amma bai tsaya nan ba. Ya ciro tef irin na tela daga aljihu, ya zagaya wuyana daidai ƙasan maƙoshi: santimita 44, wato inci 17 da rabi a lissafin tela. Ya ce in ɗage riga. Na nuna masa inda nake ɗaure wando, ya ce a'a, ba nan ba. Ya laluba haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin ƙugu, ya sa tef a tsakaninsu, kusa da cibiya, ya ce in saki numfashi kada in haɗiye ciki. Santimita 109. Ga namiji, haɗari na farawa daga 94, ya yi tsanani daga 102. Ga mace kuwa 80 da 88 ne. Ya ƙara mini wata ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: zagayen ciki kada ya kai rabin tsayin mutum. Rabin tsayina 86 ne.

Tufafinmu na ɓoye wannan abu ƙwarai. Mai sa bel, ramin bel na gaya masa ya ƙaru. Mu kuwa wando mai zariya ne, a ɗaure shi ƙasan tumbi, a zuba kaftani ko babbar riga a kai. Sai mutum ya ƙara inci shida bai ji komai ya matse shi ba. Wuyan riga ne kaɗai ke faɗin gaskiya, shi ma da ya matse sai a ce tela ne ya rage awo.

Daga nan sai takardun tambayoyi guda biyu. Ta farko ana kiranta STOP-BANG, Farfesa Frances Chung da abokan aikinta suka fitar da ita a Jami'ar Toronto ta Kanada a 2008. Tambaya takwas ce, amsar kowace e ko a'a: minshari mai ƙarfi, gajiya da rana, ko wani ya ga numfashinka ya tsaya, hawan jini, BMI sama da 35, shekaru sama da 50, wuya sama da santimita 40, da kasancewa namiji. Na samu shida, daga biyar kuwa ake cewa haɗarin ya yi yawa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, gurbin BMI na cikin biyun da ban cika ba. A sikeli ban kai ƙibar da takardar ke nema ba, amma wuyana ya wuce. Ta biyun ita ce ma'aunin Epworth na Dakta Murray Johns daga Ostareliya, na 1991, mai auna yadda barci ke sace mutum a zaune, a mota, ko bayan cin abincin rana. Makinsa 24 ne, sama da 10 alama ce ta matsala. Ni 15 na samu.

Ya ce duk wannan zato ne, tabbaci sai an yi gwajin barci, kuma kafin nan in bar doguwar tafiya ina tuƙi. Ya rubuta mini takarda zuwa wani asibiti mai zaman kansa a Abuja, don wuraren da ke wannan gwaji ba su da yawa a ƙasar nan, kuma kuɗinsa ba kaɗan ba ne. An gaya mini ranar gwaji kada in ci goro ko in sha shayi ko kofi daga tsakar rana, kada in yi ƙailula, kuma kada in shafa mai a kai.

Na yi Isha'i kafin a fara ɗaura kayan. Wani matashin ma'aikaci ne ya yi aikin, mai haƙuri sosai, yana yi yana cewa, "Baba, yi haƙuri, saura kaɗan." Ya auna kaina ya yi alamu, ya riƙa goge wurin yana liƙa ƙananan wayoyi da wani farin danƙo mai sanyi. Waɗansu a fatar kai don gane zurfin barci, biyu a gefen idanu, waɗansu a haɓa, a ƙirji, har da ƙwauri. Ɗamara ɗaya a ƙirji, ɗaya a ciki. Siririn bututu a ƙofar hanci. A yatsa kuma wani maƙali mai jar wuta da ke auna iskar oksijin a jini. Duk wayoyin suka haɗu a wani ɗan akwati da ke gefen gado, ga kyamara a sama. Da ya koma ɗakinsa sai na ji muryarsa ta lasifika: in rufe ido, in buɗe, in dubi dama, in ciji haƙora, in riƙe numfashi. Na yi zaton ba zan iya runtsawa da wannan kaya a jikina ba, amma barci ya ɗauke ni nan da nan, wanda daga baya aka ce shi ma alama ne. Gab da Asuba ya zo ya cire komai, na wanke danƙon da ruwan ɗumi na yi alwala.

Ranar da sakamako ya fito, likitar barcin ta juyo mini da fuskar kwamfuta ta nuna mini minti biyar kacal daga cikin daren. Layuka ne jere suna hawa suna sauka. Ta sa biro a kan layin hanci: yana ta kaɗawa, sai ya miƙe ɗoɗar. Ta sauko da biron kan layukan ɗamarar ƙirji da ciki, su kuwa ba su tsaya ba, sai ma ƙara ƙarfi suke yi. "Ka gani, Alhaji? Jikinka yana ta ƙoƙarin jawo iska, hanya ce ta toshe." Can ƙasa lambar oksijin na gangarowa, 94, 90, 85. Sai layin ƙwaƙwalwa ya yamutse na ɗan lokaci, hanci ya buɗe, lambar ta fara hawa. Ba a yi minti ɗaya ba aka sake maimaitawa. Na ga abin da matata ta shekara da shekaru tana kallo ita kaɗai cikin duhu, jikina ya yi sanyi.

Ciwon sunansa afniya a asibiti, wato ɗaukewar numfashi cikin barci. Ana ƙirga duk tsayawar numfashi, ko raguwarsa sosai, da ta kai daƙiƙa 10, a raba da awannin barci, a samu lambar da suke kira AHI. Daga 5 zuwa 14 mai sauƙi ne, 15 zuwa 29 matsakaici, daga 30 kuma mai tsanani. Tawa 41 ce a kowace awa. Oksijin, da ya kamata ya tsaya wajen kashi 95 ko sama, ya sauka har 78. Ya fi muni in na kwanta rigingine, da kuma lokacin barcin mafarki, sanda tsokar jiki ke saki gaba ɗaya.

Na tambaye ta abin da ke cin raina. Yayata ta fi ni nauyi nesa ba kusa ba, amma ko minshari ba ta yi. Me ya sa ni?

Ta ce in gaya mata inda ƙibar Yaya take. Na ce ƙugu da cinyoyi, wuyanta kuwa siriri ne. Ta ce to ai na ba kaina amsa. Daga maƙoshi zuwa ƙasa, bututun iska na da zobban guringuntsi da ke riƙe shi a buɗe. Amma daga bayan hanci zuwa bayan harshe babu ƙashi, babu guringuntsi, tsoka ce kaɗai ke buɗe hanyar. In mutum ya yi barci tsokar ta saki, duk abin da ke danna wurin daga waje sai ya samu dama. Kitsen cinya ba ruwansa da maƙogwaro. Na gefen wuya kuwa a kan hanyar yake zaune.

Sai ta kawo maganar harshe, abin da ban taɓa ji ba: ashe harshe ma yana tara kitse, musamman can gindinsa. Dakta Richard Schwab da tawagarsa a Jami'ar Fensilbaniya ta Amurka sun nuna da hoton MRI, mai nuna cikin jiki, a 2014 cewa masu ƙiba da ke da afniya sun fi masu ƙibar da ba su da ita kitse a harshe. A 2020 suka sake bin mutum 67 da suka rage kusan kashi 10 cikin ɗari na nauyinsu cikin wata shida. Lambar afniyarsu ta ragu da kashi 31 cikin ɗari, kuma da aka duba hotunan, raguwar kitsen harshe ce ta fi komai alaƙa da wannan sauƙi. In mai harshe mai kauri ya kwanta rigingine, harshen baya yake faɗawa, daidai kan hanyar iska.

Tumbi kuma fa, da yake nesa da wuya? Ta ce kitsen ciki iri biyu ne. Akwai na ƙarƙashin fata, wanda kake iya damƙowa da yatsu. Akwai kuma na can ciki, irin farin kitsen nan da ake gani ya lulluɓe kayan cikin rago in an feɗe shi ranar layya. Wanda tumbinsa ke da tauri, ƙafafunsa kuma sirara kamar ni, wannan na biyun ne ya fi yawa a jikinsa. In ya kwanta, kitsen na tura tantanin da ya raba ƙirji da ciki zuwa sama, huhu ya rasa wurin buɗewa. Huhun da ya cika da iska yana jan bututun numfashi ƙasa, wannan jan kuma na sa bangon maƙogwaro ya ɗame. Da huhu ya takura sai jan ya ragu, maƙogwaro ya yi laushi, ya rufe cikin sauƙi. Ga shi kuma ajiyar iskar da ke huhun ta yi kaɗan, shi ya sa oksijin ke faɗuwa da sauri haka. Wato ana danna hanyar daga gefe, ana toshe ta daga gaba, ana kuma sassauta ta daga ƙasa.

Wannan ne ya sa maza suka fi kamuwa, don ƙibarmu ciki da wuya take nufa. Amma ta gargaɗe ni kada in je in ce wa Yaya ta tsira. Bayan mace ta daina al'ada kitse kan koma ciki, afniya ta ƙaru a mata sosai, kuma sau da yawa ba da minshari take zuwa musu ba, sai da gajiya, rashin barci da ciwon kai. Akwai kuma siraran mutane masu ita, saboda ƙaramar haɓa ko manyan tonsil, wato tsokokin nan biyu da ke gefen maƙogwaro. Ƙiba ce babban dalili, amma ba ita kaɗai ba ce.

Sauran abubuwan da ke damuna duk suka samu bayani a wurin. Kowace farkawar nan, ko da ban sani ba, tana zuwa da bugun zuciya mai sauri da tashin jini, a kwana a tashi sai jinin ya ƙi sauka ko da rana. Kokawar da ƙirji ke yi da rufaffiyar hanya tana jan zuciya ta buɗe, sai ta saki wani sinadari da ke umartar ƙoda ta zubar da ruwa, ga dalilin yawan fitsarin. Wani ƙiyasi da mujallar Lancet ta cututtukan numfashi ta buga a 2019 ya ce mutum miliyan 936 'yan shekara 30 zuwa 69 ne ke da wannan ciwo a duniya, miliyan 425 daga ciki matsakaici ko mai tsanani, kuma Najeriya na cikin ƙasashe goma da suka fi yawan masu shi. In na tuna yawan abokan kasuwa da ke gyangyaɗi a kan dilolin atamfa, ga maganin hawan jini a aljihu, ba na mamaki.

Maganin farko na'urar CPAP ce, wadda Farfesa Colin Sullivan na birnin Sidni a Ostareliya ya bayyana wa duniya a 1981. Ba oksijin take bayarwa ba. Iskar ɗaki take hurawa ta bututu zuwa abin rufe hanci, da ƙarfin da zai hana maƙogwaro rufewa. Daga waje ake shigo da ita, farashinta da dala yake tafiya, sai da 'yan'uwa suka sa hannu. Tawa irin mai daidaita kanta ce, ƙarfin iskarta na aiki tsakanin lamba 4 da 20, ni kuwa wajen 11 take tsayawa.

Farkon amfani da ita ba daɗi. Iska na zurarewa ta gefe tana hura mini ido, karan hancina ya yi ja, in na buɗe baki iskar ta fita ta nan maƙogwaro ya bushe ƙamas. Tsakar dare sai in tarar na fizge ta ban sani ba. Aka canja mini girman abin hancin, aka ba ni maɗaurin haɓa, aka ce in riƙa sa ta da rana ina zaune ina sauraron rediyo har jiki ya saba. A hunturu dole in zuba tataccen ruwa na kantin magani a ɗan tankinta don iskar ta yi danshi, matatar ƙurarta kuma nan da nan take komawa ja. Babbar matsala ita ce wuta. In aka ɗauke tsakar dare sai in farka a firgice. Sai da na haɗa batir da inbata, na kuma koyi kashe abin ɗumama ruwan in ina kan batir, don shi ya fi shan caji.

Da jiki ya saba, sauyin bai ɓuya ba. Fitsarin dare ya tsaya, ciwon kan safe ya tafi, ina tashi Asuba ba sai an yi ta tashina ba. Allon na'urar kan nuna lambar daren, yawanci ƙasa da 5. Jinina ya fara sauka, har likitan zuciya ya rage mini magani.

Amma likitar ta faɗa mini tun farko cewa na'ura ba ta narkar da kitse. Ta kawo binciken jihar Wiskonsin ta Amurka na shekarar 2000, inda aka bi mutum 690 tsawon shekara huɗu: ƙarin kashi 10 cikin ɗari na nauyi ya zo da ƙarin kashi 32 a lambar AHI, ragin kashi 10 kuma ya zo da ragin kashi 26. Amfanin na'urar a nan shi ne ta ba mutum ƙarfin fara wannan aiki. Wanda bai samu barci ba yunwa ce ke damunsa. A Jami'ar Shikago ta Amurka a 2004 an hana samari 12 barci sai awa huɗu, dare biyu a jere, sinadarin ƙoshi a jininsu ya ragu da kashi 18, na yunwa ya ƙaru da kashi 28. Na gane kaina a ciki, don duk ranar da na fi gajiya ita ce ranar da na fi aika yaro sayo lemo da fanke.

Ban bi wani tsari mai suna ba. Lemon kwalba na bari gaba ɗaya. Shayin da nake cika wa madara da sukari ya koma ruwan bunu mai sukari kaɗan. Tuwon dare ya dawo malmala ɗaya da miya mai yawa, kuma kafin Isha'i, ba ƙarfe goma da balangu a kai ba. Da rana wake, kwaɗon zogale ko rama, kifi. Bayan Asuba in taka da ƙafa har gari ya waye sosai. Maiɗakina ta ɗauki abin da muhimmanci fiye da ni, ita ta canja girman kwanon da ake zuba mini. Abin da ya fi wuya shi ne bakin mutane. "Alhaji, lafiya kuwa? Ka faɗa." Wani ya tambaya ko ciwon suga ne, wani ya ja ni gefe ya tambaya ko kasuwa ce ta juya. Wannan tambayar na karya gwiwar mutane da yawa, na ga waɗanda suka fara suka bari saboda ita.

Na tambayi likitar kan allurar nan ta rage ƙiba. Ta tabbatar mini cewa a Disamban 2024 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da tirzepatide, mai sunan kasuwa Zepbound, don masu ƙiba da ke da afniya matsakaiciya ko mai tsanani, kuma shi ne magani na farko da aka amince da shi don wannan ciwo. Tsadarsa ta fi ƙarfina, kuma tunda nauyin na sauka muka bar shi. Ta dai ja kunnena kan maganin barci da maganin tari mai sa maye, don suna ƙara sakin tsokar maƙogwaro, ta kuma ce duk ranar da za a yi mini tiyata in gaya wa mai ba da allurar barci ina da afniya.

Da na sauka zuwa kilo 87, ciki ya koma santimita 99, wuya 42, ta ce a sake gwaji ba tare da na'ura ba. Wannan karon na gida aka ba ni: ɗamara ɗaya, bututun hanci da maƙalin yatsa, na kwana da su a ɗakina. Lambar ta fito 28. Na bar sahun mai tsanani na shiga matsakaici, oksijin kuma bai sauka ƙasa da 85 ba. Na so ta ce in ajiye na'urar, ta ce tukuna, 28 a awa ba abin wasa ba ne ga mai hawan jini da ke tuƙi. Za mu sake gwaji in zagayen ciki ya sauko ƙasa da 94, kafin nan in ci gaba da sa ta kowane dare, in kuma riƙa kwanciya ta gefe.

Ƙanena da muke shago ɗaya shekararsa 39, tumbinsa ya fara fitowa, matarsa kuma ta fara yi wa maiɗakina ƙorafin minshari. Na auna wuyansa da tef ɗin shago, inci 17 cif. Na karɓar masa ranar ganin likita a wata mai zuwa.